Idon Suruki a Tsakar Gidan Inna Tani

A unguwar da ke bayan kasuwar Kankiya, da wuya a sami macen da kanta bai taɓa kwanciya a gwiwar Inna Tani ba. Wasu tun suna ƙanana ake jawo su suna tirjiya da kuka, yau ga shi su ne ke jawo nasu ɗiyan. Ita Inna Tani haifaffiyar Yashe ce, aure ya kawo ta Kankiya a shekarar da aka ba Katsina jiharta. Cikin kayan da ta zo da su akwai wata kibiyar kitso ta ƙarfe da kakarta ta ba ta, har yau da ita take tsaga kai. Tsabar riƙo ya sa ta yi santsi kamar cokali.

Kitso kam, akwai waɗanda suka fi ta sauri. Akwai ma 'yan matan yanzu masu duba waya su kwaikwayo na wasu garuruwa. Abin da ba mai shi sai Inna Tani shi ne riƙe baki.

Duk wadda ta san kitso ta san yadda abin yake. Mace ta zauna a tabarma, ta tuɓe ɗankwali, ta ba ki baya, ta kifa kai a cinyarki. Ba ta ganin fuskarki, ke ma ba kya ganin tata. To a nan harshe ke kwancewa. Abin da ba ta iya faɗa ma uwarta ba, sai ta faɗa ma ƙasa, ke kuma kina ji. Inna Tani ta ji na miji, ta ji na ciwo, ta ji na ɗan da ya fara ɗauke-ɗauke. Amsarta ba ta wuce uku: "Sunkuya." "Juyo." "Allah ya kyauta." Shekara talatin da 'yan kai, ba a taɓa cewa ga maganar da ta fito daga gindin itacen bedin tsakar gidanta ba. Mata kan ce cikinta rijiya ne, abin da ya faɗa babu gugan da ke ciro shi.

A bangon zaurenta an rubuta BA A SHIGA da baƙin fenti. Mijinta, Malam Bubayero tela, Allah ya jiƙansa, shi ya rubuta da hannunsa, shi ne kuma ya fi kowa bin dokar. In ya dawo daga shago sai ya tsaya a zaure ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya jira sai an ce mashi an rufe kai. Wata rana har ruwan sama ya ƙare a kansa yana jira, don amarya ake wa kitso. Ya rasu shekara bakwai ke nan, ya bar ta da gidan, da awaki huɗu, da bedin.

Autarta Murja tana aure a Katsina. Mijin, Abdullatif, ɗan Dudunni ne ta ƙasar Kusada, ma'aikaci ne a wani ofis, mutumin kirki, mai son zumunci. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka ce sabo ne, in dai yana da 'yar fitila mai ƙiftawa, sai ya saya. Tsakaninsa da Inna Tani kuwa kunya ce irin ta da. Shekara tara bai taɓa ganin ta kai loma baki ba. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "baban Zahra", da sunan ɗiyarsa ta fari. In ya zo, a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ita kuma tana daga bayan labule, su yi ta jera gaisuwa har gwiwarsa ta yi tsami.

Ana saura wata biyu Babbar Sallah, wani marar tsoron Allah ya diro katanga ya ɗauke mata akuya mai ciki. Labari na isa Katsina, ran Asabar sai ga mota a ƙofar gida: Abdullatif, da Murja, da wani mai gyaran wuta ana ce mashi Jaji, ɗauke da tsani. Aka kafa wani farin abu kamar ƙwan jimina a saman bangon madafa, da baƙin ido guda a tsakiya, yana kallon tsakar gida gaba ɗaya.

Bayani ma sai da aka yi shi da ɗan aike. Suruki na zaure, Inna na ɗaki, Murja na kai da kawowa.

"Inna, ya ce a faɗa maki kyamara ce. Ba ruwanta da wutar gari, rana take ci. Ɓarawo na dirowa sai ta kama shi, ta tura mashi a waya."

"Ikon Allah. To wanda ba ɓarawo ba fa?"

"Ina ruwanta da shi?" in ji Murja, hankalinta na kan Zahra da ta nufi bakin rijiya.

Shi ke nan. Inna Tani ta ɗauki abin kamar layar nan da ake ratayewa a bakin rumbu, wadda ba ta taɓa mai gaskiya. Ta sa albarka, ta aika ma suruki da hura mai sanyi. Mata da suka zo kitso suka ɗaga kai suka tambaya, ta ce masu, "Ta ɓarayi ce." Kowa ta tuɓe ɗankwalinta hankali kwance.

Akwai wata maƙwabciyarta, Haulatu, ƙawar Murja tun suna 'yan mata. Shekararta shida da aure, ciki biyu ya zube mata, kuma duka biyun sai da gari ya gama ji kafin su zube. Wata Laraba ta zo kitso ita kaɗai. Ana tsakiyar kai, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna, wata uku ke nan ban ga komai ba. Wannan karon ko maigidan ban faɗa mashi ba. Sai ya yi ƙwari."

"Allah ya raya. Juyo," in ji Inna Tani.

Washegari da hantsi Haulatu na daka, wayarta ta yi ƙara, uwar mijinta ta ɗauka. Kafin tsohuwa ta ce uffan, sai guɗa ta cika mata kunne daga Katsina: "Ayyururui! Ƙawata, ashe an samu! Allah ya raba lafiya!" Murja ce. Kafin la'asar har mai kayan miya ya yi ma mijin Haulatu barka.

Haulatu ta shigo gidan Inna Tani, ta ƙi zama.

"Inna, ke kaɗai na faɗa mawa. Ko uwar da ta haife ni ba ta sani ba."

"Ɗiyata, ban faɗa ma kowa ba."

"To ko bedin ne ya buga ma Murja waya?"

Ta juya ta fita. Inna Tani ta lalubo 'yar wayarta ta kira Murja, ta ce wa ya faɗa mata. Murja ta ce a gari ta ji. Wane gari, ana Katsina? Sai ta ce layin ba ya da kyau.

Daga ranar tsakar gida ta fara bushewa. Wadda kan zo duk Juma'a ta aiko cewa kanta na ciwo. Wata ta ce ba ta gama tsifa ba, har mako biyu ba ta gama ba. Rijiya dai an ce ta fara yoyo. Inna Tani ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tuhumi tsufa, ko ta faɗa ta manta. Ta tuhumi barcinta, ko ta fara sambatu. Ta yi ta istigfari a kan laifin da ba ta san sanda ta yi shi ba.

Wata safiya, tun da ba mai zuwa, ta fito gindin bedi da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ta miƙe ƙafa, ta jawo ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu. Ta yanko loma ta uku ke nan, sai ta ji muryar namiji tar, kamar a kafaɗarta.

"Inna, barka da hantsi. A ci lafiya."

Ta dubi zaure. Ba kowa. Ta dubi katanga. Sai ƙadangare.

"Ni ne, Inna, ta nan sama. Na ga kwana biyu gidan shiru, ba a zuwa kitso, na ce ko lafiya?"

Baban Zahra ne, daga cikin ƙwan jimina.

Abin da hannunta ya fara kaiwa shi ta ɗora a ka, ashe faifai ne. Yadda ta isa ɗaki ita ma ba ta sani ba, sai dai ta tsinci kanta a bayan labule, faifai a ka, loma a hannu. Daga can ta amsa da 'yar murya, "Lafiya lau. An gode. Ya mutan gidan?" Tuwon kuwa kaji suka ƙarasa shi.

Wannan karon da ta kira Murja, ba ta bar layi ya lalace ba. Murja ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Abin yana gani, yana ji, dare da rana, mai gaskiya da ɓarawo duk ɗaya ne a wurinsa. Ran Larabar nan maigidan na wanka, ta ɗauki wayarsa don ta ga Innarta, sai ta ishe Haulatu na magana. Murna ce ta kwashe ta.

"To ki ce mashi ya zo ya cire."

"Inna, ta ina zan fara? Kullum sai ya yi alfahari da ita, ya ce yanzu yana barci da ido biyu rufe don ya san kina lafiya. In na faɗa, sai na faɗi abin da na yi da wayarsa. Ke ki faɗa mashi mana."

Ita ta faɗa mashi! Kyautar suruki ba a maida ta. Kuma ta buɗe baki ta ce me? Ta ce, kun gan ni ina cin tuwo? Faɗar ma ta fi ganin ciwo. In ba a faɗa ba, kowa na iya yi kamar bai faru ba.

Haka Inna Tani ta koma baƙuwa a gidanta. Shara da hijabi. Ɗibar ruwa da hijabi. Abinci a ɗaki, ƙofa rufe, ga zafin bazara, gumi na ɗiga cikin miya. In za ta kewaya sai ta bi jikin bango tana ɓoye buta a cikin hijabi kamar ta sato. Tun da ba ta san sanda yake kallo da sanda ba ya kallo ba, duk wucewa sai ta ɗan rusuna ta ce ma bangon madafa, "Sannunku." Har awaki suka fara kallonta.

Ta yi tunani, ta ce to in ba a rufe kai ba, a rufe ido. Matar tela ce, ba ta rasa ƙyalle ba. Ta ɗinka ɗan ƙaramin hijabi shuɗi, har da leshi a baki, ta taka turmi da salati, ta zura ma kyamara. Ta sauko ta tuɓe nata, ta sha iska a karon farko cikin kwana tara.

Ko shayin da ta ɗora bai tafasa ba, sai ga ƙarar babur da sallamar Jaji.

"Inna, Alhaji ya bugo hankali tashe, ya ce wayarsa ta yi baƙi ƙirin, ko ɓarayi sun fasa."

Ya ɗaga kai. Sai da ya riƙe tsani don dariya.

"Inna, yaushe ta isa sa hijabi? Ai ko wata biyu ba ta yi ba!"

"Rana ke dukanta," in ji Inna Tani. Ba ta yi ƙarya ba, rana na dukanta.

"Ai ranar ce tuwonta."

Ya tuɓe ma kyamarar hijabi, kuma don kada yara su sake taɓawa, in ji shi, ya ƙara ɗaga ta sama inda ko an ɗora turmi kan turmi ba a kaiwa.

Sai Inna Tani ta ce bari ta wanke sunanta ko da ba ta wanke tsakar gida ba. Ita da ba ta saba shiga gidaje ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana bayani: ba bakinta ba ne, abin nan ne na bango, ashe yana ji yana gani. Ta ɗauka za a ce Allah sarki. Ina! Ashe gara jiya da yau.

"Wato duk kwanakin nan kawunanmu na Katsina, a aljihun namiji?"

"Ni da na zauna rabin kai a tsefe, kamar an fige kaza!"

"Ni ai ba kan ne ya dame ni ba. Inna, ranar da na yi maganar maigidanmu da haƙoransa na roba, an riga an kafa ta?"

An riga an kafa ta. Maganar ta kai kunnen maza, su kuma suka kafa tasu dokar: ba mai sake taka gidan. Wasu matan ma suka ce da saninta, ai ita ta ce masu ta ɓarayi ce. Haulatu ta saurare ta har ƙarshe, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Mutum ɗaya ta yi ƙarfin hali, wata Basira, ta ce a yi mata a cikin ɗaki. Ɗakin ga duhu ga zafi, idon Inna Tani kuma ya saba da hasken gindin bedi. Da aka gama aka fito haske, tsagar ta karkace ta yi kwana-kwana kamar hanyar Kaikai da damina. Basira ta duba madubi, ta ɗaura ɗankwali har gira, ta yi godiya. Inna Tani ta goge kibiyar kakarta ta sa a ƙasan akwati.

Ana saura kwana biyar Sallah, lokacin da a da sai an yi layi har zaure, gindin bedi ba kowa sai kaji. Da azahar sai ga sallama wadda ta sa kajin watsewa. Hajiya Hadijatu ce, mahaifiyar Abdullatif. Duk shekara takan taso daga Dudunni a yi mata kitson Sallah, ta kawo wake da gero. Mace ce mai jiki da murya, an ce in ta ƙwala kira a Dudunni, a Kusada ake amsawa.

"Ke Tani, mutuwa aka yi? Ina matan? Wanga hijabi fa, cikin wanga zafi, takaba kika koma?"

"Lafiya lau, Hajiya. Sannu da hanya."

Hajiya ta zube a tabarma, ta kai hannu za ta warware ɗankwali. Inna Tani ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, balle ƙarar suruki wurin uwarsa. Amma ta bar mace ta buɗe kai a gabanta ba ta sani ba, wannan ta yi shi sau ɗaya cikin rashin sani, ba za ta yi na biyu da sani ba. Ta riƙe mata hannu.

"Kada ki cire. Ana gani."

"Wa ke gani?"

Inna Tani ta nuna bango da haɓa. Da ƙyar, kamar ana zare ƙaya, Hajiya ta ciro labarin duka: akuya, Haulatu, faifai, ɗan hijabi. Wurin faifai ta yi dariya har da hawaye. Wurin Haulatu ba ta yi ba.

"Yaron nawa ne ya kafa abin ga?"

"Alheri ya nufa, Hajiya."

"Na sani. Alherin nasa ne ba ya sallama. Yaushe yake leƙowa?"

"Yakan gaishe ni bayan an sauko azahar."

"To yanzu ke nan. Ɗauko kibiyarki. Ke ke kunyarsa. Ni na yi mashi tsarki."

Ta gyara zama ta fuskanci bangon madafa sosai, ta fizge ɗankwali, furfura ta bayyana fari fat. Inna Tani ta ɗauko kibiya, ta fara tsaga. Hajiya ta buɗe murya kamar mai shela.

"Tani, kin san yaron nan nawa na Katsina, mai doguwar hula? Kin taɓa ganin ya cire ta?"

"Sunkuya, Hajiya."

"Ba zai cire ba. Kin san abin da ke ƙarƙashi? Fili! Filin da za a shanya gero tiya biyu. Watan jiya ya zo mani har Dudunni, ya tura ƙofa, ya ce, Hajiya, ki rufa mani asiri da maganin sanƙo, a ofis ba wanda ya sani. Na haɗa mashi man shanu da albasa da toka. Ya shafa, ya zauna a bayan rumbu cikin rana kamar ƙadangare. Ina leƙawa, sai na ishe ɗan akuya ya dafa kafaɗarsa yana lasar..."

Sai ƙwan jimina ya yi ƙara. Abin da ya fara fitowa ba magana ba ce, dariya ce ta maza, ba ɗaya ba, ba biyu ba, har da mai buga tebur. Sannan muryar Abdullatif, a shaƙe.

"Hajiya! Hajiya, don girman Allah! Ina ofis, da mutane!"

Hajiya ta ɗaga kai a hankali. "Wa ke magana a gidan mutane ba sallama?"

"Salamu alaikum. Ni ne, Hajiya."

"Su wa ke dariya?"

"Abokan aiki ne. Nuna masu nake yadda take aiki, wai su ma za su saya."

"To sun ga yadda take aiki. Kai, Laɗifu! Maza ka tara a kan furfurata? Ubanka, Allah ya jiƙansa, haka ya koya maka shiga gidan surukai, ta saman madafa?"

Dariyar ta ɗauke ɗif. Aka ji ƙarar kujeru, aka ji an ja ƙofa.

"Wallahi Hajiya, in na buɗe na ga mata, rufewa nake yi nan take."

"Kafin ka rufe ai ka gani. Maganarka ɗaya tak ta fita, ga ka nan kana don girman Allah. Ta ɗiyar mutane da ta fita ta wayarka fa, wa za ta roƙa? Je ka tambayi matarka labarin Haulatu. Baiwar Allah ga shekara talatin tana riƙe ma mata amana, ka zo ka huda mata gida da rana tsaka, ka maida ta mai cin tuwo a ɓoye kamar ɓarauniya. Ɓarawon akuya ɗaya ya ɗauka ya tafi. Kai fa?"

Inna Tani dai ba ta ɗaga kai ba, kitso take kamar ba a gabanta ake yi ba, sai dai kunnuwanta sun yi zafi.

"Juyo, Hajiya," ta ce.

La'asar sakaliya ba ta yi ba sai ga mota. Aka ji gyaran murya a zaure, aka ji sallama, sau uku, har sai da Hajiya ta ga dama ta ce a shigo. Abdullatif ya shigo ba takalmi, shi ke ɗauke da tsanin da kansa, Murja na bayansa ido ya kumbura. Bai jira Jaji ba. Ya tattare babbar riga ya hau. Yana cikin kwance ƙusa ta ƙarshe, reshen bedi ya tsinke mashi hula, ta faɗo tsakar gida tana gangarawa. Rana ta haska abin da ta haska. Inna Tani ta ga wani abu a ƙasa da ya buƙaci a duba shi da kyau, ta yi ta dubansa har aka maida hula.

Ya sauko ya durƙusa daga nesa, kyamara a hannu.

"Inna, na yi kuskure. A yafe mani."

"Ba komai. Ai alheri ne. Allah ya yi albarka." Sannan ta juya wurin Hajiya, don ba ta iya faɗa mashi kai tsaye. "Ko za a ce mashi, garken awaki na bayan katanga. Su ba su da abin ɓoyewa."

Can aka kafa ta, ta ba gida baya. Har yau tana nan. Jaji ya ce Alhaji ya san kowace akuya da lokacin tuƙarta.

Murja kuwa, Inna Tani ba ta bari ta sha ko ruwa ba. Ta tasa ta gaba har gidan Haulatu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta bar ta ta shiga ta faɗi abin da ta yi da bakinta, a gaban uwar miji. Hajiya Hadijatu ta ɗauki nata aikin: da sabon kitsonta ta zaga unguwa, gida-gida, tana ba da labarin ofis. Ba ta rage komai ba, har ɗan akuyan. Da za a koma Katsina, cikin kayan Sallar da Inna Tani ta haɗa ma Murja an sami wani ɗan gwangwani na man kaɗanya da haɗin saiwoyi, ba a ce na wane ne ba, ba a ce na mene ne ba.

Washegari mata biyu suka zo, suka tsaya a tsakar gida suna ƙare ma bango kallo kafin su zauna. Jibi aka yi layi har zaure. Inna Tani na kitso tana sauraren kowace sallama, ba ta ji wadda take jira ba.

Sai ranar jajibiri da hantsi, ta gama kan wata yarinya ke nan, Haulatu ta shigo, cikinta ya ɗan tasa a ƙarƙashin hijabi. Ta gaida Inna a taƙaice. Ta dubi ramukan ƙusa huɗu a saman madafa, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta zauna a tabarma, ta ba da baya, ta tuɓe ɗankwali.

Aka yi layin kitso ɗaya shiru. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ba a jin komai sai kukan kurciya a kan bedi. Ana cikin na huɗu, Haulatu ta kifa kai a gwiwar Inna Tani, ta yi ajiyar zuciya, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kin san wani abu?"

"Sunkuya," in ji Inna Tani.

Abin da ta faɗa, shekara biyu ke nan, yaron ma har ya fara gudu, ba wanda ya ji shi.